Injin Kankare Dusa

Asabar, 24 ga Afrilu 1965, bayan la'asar

Na sayi inji. Na rubuta a nan don duk mai shirin surutu ya san da hankalina na saya. Wannan littafin na awon kaya ne, wuya da hannu da tsawon riga, amma daga yau bayansa na injin ne: ranar da na zuba mai, ranar da na wanke shi, ranar da ya yi gardama.

Baturen rijiya, wanda ya zo Mubi tun shekarar ƙuri'ar raba gardama, ya koma ƙasarsu. Yau kukunsa Dawuda ya yi gwanjon abin da ya bari. Mutane sun rufu a kan kujeru da tukwane, ni kuwa idona ya faɗa kan wani jan abu a cikin akwatin katako, ko gama ɓalle shi ba a yi ba. Taya biyu, hannuwa biyu irin na garmar shanu, baki mai faɗi da murɗaɗɗen ƙarfe a ciki, ga dogon wuya a sama. Dawuda ya ce 'yan'uwan Baturen ne suka haɗo masa shi cikin kayan gida, shekara huɗu bai taɓa tayar da shi ba, in ya gan shi sai dai ya yi dariya.

Na ce, "Aikin me yake yi?"

Ya ce, "Masa, maigidana, ya ce inji na dusa ne, na kankara. Yana kwashe shi, yana watsa shi gefe."

Kankare dusa. Surfe ke nan, me kuma ya rage? Ga ma hoto a takardarsa: Bature ya riƙe hannuwan, gari yana fita ta wuyan, fari fat, ya taru har ya kai tagar gida. Shekarata ashirin da biyu ina taka keken ɗinki, in na ga ƙarfe mai ƙwari na san shi. Wannan sai ya ga jikokina.

Keken hawana ya tafi a kansa. Ba komai, ƙafa tana nan.

Da muka turo shi gida, matata Aisa ta leƙo daga ɗaki, ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Malam, ina kekenka?" Na ce daga yau ta huta da taɓarya. Ta koma ciki tana tallafe da hannun nan nata na dama.

Lahadi, 25 ga Afrilu, hantsi

Na ja igiyarsa har kafaɗata ta yi tsami. Ko tari bai yi ba.

Litinin, 26 ga Afrilu, bayan azahar

Na ɗauko Harun bakanike daga tasha. Ya zagaya injin sau biyu, ya buɗe wani murfi da ban ma lura da shi ba, ya ce, "Baba Laminu, haka ka yi ta jansa ba baƙin mai? Allah ne ya taimake ka da bai tashi ba." Na ce ni na ɗiɗɗiga masa man keke a duk inda ya kamata. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Yaron da ni na ɗinka wa ubansa rigar aure.

Ya zuba baƙin mai, ya kwance fulogi ya goge, ya ja sau uku. Inna lillahi. Ban taɓa jin ƙara irin wannan a cikin gida ba. Kaji suka watse, akuyar maƙwabta ta tsinke igiya, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafata. Na ji daɗi ƙwarai.

Harun ya ce shi fa bai taɓa ganin injin surfe mai taya da sarƙa ba. Na ce abubuwan da bai taɓa gani ba suna da yawa.

Talata, 27 ga Afrilu, da safe

Na zuba masa dawa kwano guda a baki, na danna hannu. Kafin in ƙifta ido ya kwashe ta kaf, ya harba ta wuya, ta tsallake katanga ta sauka gidan Bobboi.

Bobboi maƙwabcina ne, Bafillace, ni Babarbare, wasa ne tsakaninmu tun kakanni, don haka ba ni da damar yin fushi. Ya leƙo ta kan katanga da dawa a hularsa ya ce, "Useko, mun gode, Malam Laminu. Shekara ashirin ina jira Babarbare ya yi kyauta, ashe sai da inji." Kajinsa suna ta biki a bayansa.

Wuyan yana juyawa, na gano daga baya. Na juya shi ya dubi tsakar gidana. Kwano na biyu ya shiga randa.

Laraba, 28 ga Afrilu, bayan la'asar

Ba na son rubuta wannan, amma in ban rubuta ba zan manta abin da ya sa nake shan wahalar ɗan banzan ƙarfen nan, in tura shi cikin mayo, rafin nan na bayan gari.

Shekara ashirin da shida taɓaryar Aisa ce ta farko a unguwarmu Lokuwa. In ta fara, matan unguwa sun san gari ya waye. Kowa ya san hannunta: biyu a jere, ta jefa taɓarya sama ta tafa, ta cafe. Yau kwana goma sha biyu ba a ji ta ba. Hannun ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa. Akwai kuma abin nan da ke ƙarƙashinsa, wanda ta hana ni ambata.

Mun gaya wa Adi matar Bobboi garin Sallah ne bai ƙare ba. Ya kusa ƙarewa.

Na ce a sa wata ta riƙa yi mana surfe. Aisa ta ce, "Ranar da wata mace ta ɗauki taɓaryata, kafin magariba magana ta kai tashar motar Yerwa. Ka san 'yarka." Na san ta kuwa. Rumasa'u, ita kaɗai Allah ya bar mana, tana aure a Yerwa da ciki wata takwas, bayan biyu da suka zube. In ta ji uwarta ba lafiya, bayan babbar mota za ta hau, a wannan hanyar, ga ruwa ya kusa sauka.

"Ta sauka lafiya tukuna," in ji Aisa. "Bayan nan ka gaya wa duk wanda ka ga dama."

To shi ke nan. Injin nan dole ya yi surfe.

Juma'a, 30 ga Afrilu, kafin masallaci

Na ɗinka jaka ta akoko, ɗinki biyu, na ɗaure a bakin wuyan. Dabara ta yi, ko ƙwaya ba ta tsallake katanga ba. Na buɗe jaka, dawa tana nan yadda na zuba ta, da dusarta da komai, sai dai warin fetur da ta ƙaru da shi. Na sake zubawa. Na sake. Sau shida tana zagayowa, ta dai sha yawo.

Asabar, 1 ga Mayu, hantsi

Wautata ce. Wa ya taɓa surfa busasshiyar dawa? Sai an yayyafa ruwa. Gobe.

Lahadi, 2 ga Mayu, da safe

Na jiƙa. Ya cushe. Wani abu ya ce ƙas, ƙarfen bakin ya daina juyawa.

Litinin, 3 ga Mayu, bayan azahar

Harun ya ce wata 'yar ƙusa ce ta karye, wai da gangan aka yi ta don ta karye. Ka ji aikin Bature. Mutum ya zauna ya ƙera abu don ya karye, a kuma ce yana da ilimi. Ya yanko ƙusar kafinta ya sa.

Ya kuma nuna mini abin da ya fi ba ni haushi: injin ba shi da matacin iska. Duk ƙasar tsakar gida da yake tayarwa, cikinsa take komawa. Ga shi an lulluɓe kansa da kwano ta ko'ina, minti goma ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Harun ya ce, "Baba, wanda ya ƙera wannan bai san rana ba, bai san ƙasa ba. Anya na surfe ne?" Na ce ya yi aikin da na kira shi.

Ya cire kwanon. Ni kuma na ɗinka wa hancin 'yar hula da ƙyallen gidan sauro, ninki huɗu. Ta zauna daidai, ba yabon kai ba.

Aisa ta ci loma uku.

Laraba, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Da na sani ban fito da takardar ba.

Malama Rachael, mai aikin jinya, ta zo karɓar fararen rigunanta. Tana jin Turanci, sai na ce bari ta karanta mini wurin da aka yi bayanin surfe, ko akwai maɓallin da nake tsallakewa. Ta buɗe, ta duba hoton, ta dube ni. Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Baba tela, wa ya ce maka na surfe ne?"

Na maimaita mata maganar Dawuda kalma-kalma.

Ta ce, "Ba kankara ta wuƙa ba, Baba. Ƙanƙara, ta sama. A ƙasarsu sanyi yana sa ruwa ya sauko fari, laushi-laushi, ya rufe ƙofar gida. Shi ake ce wa dusar ƙanƙara. Wannan na share ta ne daga hanya."

Na ce to garin da ke hoton fa? Ta ce ba gari ba ne. Na ce ai ga shi har taga. Ta ce shi ne dai, ba gari ba ne.

Malamin yaƙi da jahilci ya sha fama da ni a kan harafin ka mai ƙugiya da marar ƙugiya. A takarda na iya. A kunne, ni da Dawuda da rabin mutanen Mubi duk ɗaya muke jin su, duk ɗaya muke faɗa. Wata 'yar ƙugiya da ba ta kai ƙwayar gero ba, ita ta cinye mini keke. Kuma wane mara aikin yi ne ya raɗa wa ruwan sama suna dusa? Akuya tana ci?

Ina cikin wannan faɗan Aisa ta fito za ta ɗauki buta. Rachael ta daina dariya. Ta ce, "Mama, mu shiga ciki in gaishe ki da kyau." Sun daɗe. Da ta fito ba ta tsaya gwada rigunan ba. Ta ce Litinin da sassafe in kawo Aisa asibiti, ita za ta tsaya mana, ba wanda zai ji daga bakinta.

Alhamis, 6 ga Mayu, da safe

Na je neman Dawuda. Ya koma garinsu kan dutse. Ya yi wa kansa gata.

Alhamis ɗin dai, bayan azahar

Gari ya ƙare. Na karkaɗe tukunyar har gindi.

Na zauna a ƙofar ɗaki ina zagin injin, uwa da uba, da Baturen, da 'yan'uwansa da suka aiko shi. Na ce ƙarfen banza ne, ba ya iya komai. Aisa tana kwance a tabarma ta ce, "Ya iya ihu ai."

Na ce me?

Ta ce, "In yana ihu, wa zai ji wanda ke daka?"

Na dube ta in ga ko wasa take. Ba wasa take ba. Ni, Laminu tela, da furfurata, da turmi. Na ce ubana bai taɓa riƙe taɓarya ba, kakana ma haka. Ta ce su ma ba su taɓa sayen injin share ƙanƙara ba.

Juma'a, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Na rufe ƙofar zaure da sakata. Na tayar da shi. Na yi.

Ba zan ce komai a kai ba, sai dai duk wanda ya ce aikin mata ba aiki ba ne a ba shi taɓarya. Rabin dawar ta fantsama ƙasa. Aisa tana zaune a bakin ƙofa tana nuna mini da hannun hagu, don ba mai jin wani: sassauta, tsakiya, juya, ƙara ruwa. Da muka kashe inji ta ce ina sara kamar mai faskare. Bakace kuwa, dusar da ta kamata ta tafi gaba duk a gemuna ta sauka.

Na wanke, na shanya, na ƙulle a ƙyalle kamar kayan ɗinki na kai injin niƙa na kasuwa, na can nesa inda ba a san ni sosai ba. Tuwon ya yi gudaji. Ta ci loma biyar, ina ƙirgawa.

Bobboi ya tare ni a hanyar masallaci ya ce, "Yau ba rabon kajina?" Na ce inji ya gyaru. Ya ce to madalla, ya dubi tafin hannuna, ya yi maganar ruwan da bai sauka ba.

Litinin, 10 ga Mayu, bayan azahar

Mun ce za mu dubo gona a Kolere. Asibiti muka je. Likita ya duba, ya yi magana da Rachael da Turanci, ya daɗe. Ni ya ce mini a riƙa ba ta duk abin da ranta yake so. An ba mu ƙwayoyi.

A dawowa sau huɗu tana zama a bakin hanya. Da keken yana nan da na goyo ta.

Talata, 11 ga Mayu

Na wanke hular hanci. Na duba baƙin mai. Na goge fulogi. Na sake goge fulogi.

Alhamis, 13 ga Mayu, bayan la'asar

Sabuwar masifa. Labari ya zagaya cewa injin Malam Laminu yana surfe. Yau da safe na buɗe zaure na tarar da mata biyar da ƙoransu, wata har daga Kolere. Wai a taimaka. Na ce na gida ne. Suka ce za su biya. Na ce Bature ya ce in ya ci dawar wani gida lalacewa yake. Wata tsohuwa ta ce, "Inji ma ya san dangi?" Suka tafi suna cewa dama Barebari haka suke, ko inuwarsu ba a sha.

Shekara ashirin da biyu ina yi wa 'ya'yansu facin wando kyauta. Yau ni ne marowaci.

Abin da ya ban mamaki, Adi ba ta zo ba, ita da ke jikin katanga. Na ma jiyo ta tana ce musu su bar bawan Allah, injin nasa ciwo gare shi.

Asabar, 15 ga Mayu, hantsi

Hannuna duk ya yi bororo, biyu sun fashe. Zare ba ya shiga allura. Na lalata wuyan rigar wani malamin makaranta, na ce masa sabon yayi ne.

Aisa ta ce surfen yau ya yi dama-dama. Shekara ashirin da shida ban taɓa jin kalmar da ta faranta mini rai kamar wannan dama-damar ba, abin haushi.

Talata, 18 ga Mayu, bayan la'asar

Hadari ya taso daga wajen duwatsu da azahar, iska, tsawa, sai ga ƙanƙara tana sauka a kan kwano, tas-tas-tas, ƙanana kamar wake. Tsakar gida ta yi fari.

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na ruga cikin ruwa na yaye buhun da na rufe shi, na ce yau dai ga abincinka, ɗan nema, sai ka nuna mini abin da ka iya. Na ja. Shiru. Na ja. Fulogi ya jiƙe. Na kwance, na goge da bakin riga, na mayar, na ja, na ja. Lokacin da ya ga damar tashi ƙanƙara ta narke sarai, sai taɓo. Ya kwashi taɓon ya yaɓa wa bangon ɗakin girki.

Na juyo na ga Aisa a bakin ƙofa tana dariya, ta dafe gefen ƙirji, hawaye na zuba, tana cewa in bari don Allah zai kashe ta. Rabon da in ji dariyarta tun kafin Sallah. Na tsaya cikin ruwa na sake yaɓa wa bangon, da gangan.

Alhamis, 20 ga Mayu

Bel ɗin da ke juya ƙarfen bakin ya saki. Harun ya ɗaure.

Juma'a, 21 ga Mayu

Bel ya sake saki. Harun ya ce ai tunda na ce ƙara kawai... ya tsaya. Na ce wa ya ce maka ƙara kawai? Ya ce ba kowa. Ya cire bel ɗin gaba ɗaya ya ce haka zai fi shan mai kaɗan. Bai karɓi ko na goro ba.

Aisa ba ta ci ba. Kunu kawai.

Lahadi, 23 ga Mayu, hantsi

Yau na ga tashin hankali. Ina tsakiyar daka, na samu hannu, ina ta bugawa, sai injin ya yi tari biyu ya mutu. Ni kuwa hannu ya riga ya tafi. Dum. Dum. Dum. Sau uku, a cikin shirun da ko kaza ba ta motsi. Bugun namiji, kurma ma ya san ba na Aisa ba ne.

Na sandare da taɓarya a sama. Sai kawai na ji turmin Adi ya kama a bayan katanga, da ƙarfi, da sauri, har da waƙarta ta Fillanci. Ita da ta gama dakanta tun da sassafe. Ba ta tsaya ba sai da na zuba fetur na tayar da shi.

Sa'a ce. Allah ya rufa asiri.

Laraba, 26 ga Mayu

Har yau ba takarda daga Yerwa. Na je tasha sau biyu.

Alhamis, 27 ga Mayu

Ba takarda. Hular hanci ta yage, na ɗinka wata.

Asabar, 29 ga Mayu, bayan la'asar

Aisa ta daina fitowa bakin ƙofa. Yanzu daga kan gado take duba surfen, in kai mata a tafin hannu ta murza da yatsa. Yau ta ce da saura. Na koma na ƙara. Na kawo ta ce da saura. Na yi fushi na ce to ta tashi ta yi da kanta.

Na faɗa. Ba yadda zan mayar da ita.

Sai ta ce, "Da zan iya, Malam, da ban bar ka ka ɓata mini turmi ba."

Na fita na zauna kusa da injin har la'asar. Tuwon da nake yi ma ni kaɗai ke ci, sai kajin Bobboi. Amma in aka wayi gari ba a ji ƙara daga gidan nan ba, za a tambaya.

Litinin, 31 ga Mayu

Ba takarda. Wannan yarinya ma da nawa take, tun tana ƙarama.

Laraba, 2 ga Yuni

Fetur. Fulogi. Ba takarda.

Juma'a, 4 ga Yuni, bayan la'asar

Takarda ta zo. Direban motar Yerwa ya ba ni hannu da hannu, kwananta tara a hanya saboda gada. Mijin Rumasa'u ne ya rubuta. Ta sauka lafiya, mace, uwa da 'ya kalau. An yi suna. Sun sa mata Aisa.

Na karanta mata sau uku. Ta sa na nuna mata inda sunan yake a takardar, ita da ba ta karatu, ta ɗora yatsa a kai. Ta ce, "Alhamdu lillahi. To na sauke." Ta sha kunu rabin kofi, ta yi barci mai kyau.

Asabar, 5 ga Yuni, bayan azahar

Da safe na jiƙa dawa, na sa sakata, na naɗe igiya a hannu zan ja. Ta kira ni daga ɗaki. Ta ce in shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa. Na ɗauko ta, ba nauyi ko kaɗan.

Ta ce, "Bar shi ya huta."

Na ce unguwa za ta ji.

"Su ji. Wata guda ina koya maka daka, ban taɓa jin hannunka ba, sai ihun wancan. Ina so in ji."

Na ce abin kunya ne. Ta ce kunyar wa, ita dai mijinta take son ji.

Na ɗauki taɓarya. Wallahi na fi jin tsoro fiye da ranar da aka ɗaura mana aure. Na buga. Ƙarar ta fita har bakin titi. Na ci gaba. Unguwa ta yi tsit, turamen da ke aiki nesa duk suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Aisa ta rufe ido tana kaɗa yatsa a tabarma, biyu a jere, sai ta ɗaga. Na gane abin da take nufi. Na yi biyu, na jefa taɓarya sama, na tafa. Ta kusa fasa mini kai, amma na cafe.

Aka buga ƙofar zaure. Na buɗe. Adi ce, da taɓaryarta a kafaɗa, Bobboi yana tsaye can baya ya sunkuyar da kai, yau ba wasa a bakinsa.

Ta ce, "Malam Laminu, matsa mini gefe ɗaya."

Na fara cewa inji ne ya lalace. Ta ce, "Injin da ke cewa wash bayana tun watan jiya? Katangar nan ba ta kai kaurin da kake zato ba." Ta wuce ni ta durƙusa wajen Aisa, ta riƙe hannunta mai lafiyar, ta ce, "Adda, jira nake ki kira ni." Aisa ta ce, "Na sani. Na ji ki ranar Lahadin nan." Sauran da Fillanci suka yi, ban tsaya saurare ba.

Da ta taso na miƙa mata turmin zan ba ta wuri. Aisa ta ce a'a, tare. Muka yi lugude ni da Adi, ita ta buga ni in buga, ta rage hannu don in kamo ta. Na kai wa Aisa a tafin hannu ta murza. Ta ce ya yi.

Na zare fulogi, na tsiyaye fetur, na shafe ƙarfen bakin da mai don kada ya yi tsatsa, na rufe shi da buhu. Ba abin da ya same shi. Na faɗa tun ranar farko, mai ƙwari ne.

Aisa ta ce yanzu in rubuta wa Rumasa'u, in ce in ta yi arba'in ta kawo takwarar a gani. Na lissafa kwanakin a raina, na san ita ma ta lissafa. Na ce ko dai kada a jira arba'in ɗin. Ta daɗe tana kallon turmi, ta ce, "To, kada a jira."

Takarda tana gabana tun azahar. Na rubuta gaisuwa da barka. Sauran ban fara ba.